Ziyara Zuwa Zongo Lane, Asibitin Tsofaffin Sifikoki

Duk wanda ya san Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana, ya san cewa idan rediyo ko talabijin ta mutu, masu gyara na unguwa kuma suka yi iya yinsu abin ya faskara, to wuri ɗaya ake dosa, shi ne Zongo Lane, kusa da kasuwar Makola. Layi ne matsattse, shaguna manne da juna, kowanne cike da wayoyi da ƙananan kayan gyara. Sai dai ba kowa ya san cewa wurin nan yana da tarihin da ya shafe mu ba. Tun a ƙarni na 19 fatake da malamai Hausawa suka yada zango a nan ƙarƙashin Malam Naino, mutumin Katsina, kuma daga nan ne ɗansa Malam Bako ya tashi da jama'arsa a farkon ƙarni na 20 ya kafa Sabon Zongo. Yau akasarin wurin ya koma kasuwa, amma sunan zangon bai ɓace ba.

Abin da ya kai mu can shi ne wasu dogayen sifikoki guda biyu, irin masu tsayuwa a ƙasa, waɗanda tsayinsu ya kai ƙugun mutum. Ɗaya daga cikinmu ne ya gaje su daga mahaifinsa. Ƙirar Japan ce ta shekarun 1970, sun daɗe a kuryar ɗaki ba sa magana sai karkarwa, har masu sayen tarkacen ƙarfe sun fara zuwa taya su. Da aka ba da hutun makaranta sai muka kwance manyan bakunan biyu daga cikin akwatunansu, muka naɗe su a tsohon bargo, muka hau mota daga Kumasi. Tafiyar kimanin kilomita 250 ce, ta Konongo da Nkawkaw da Nsawam. Muka sauka a Kwame Nkrumah Circle, daga nan trotro ta ƙarasa da mu cikin gari.

Mai karatu, wanda ya girma a zango a shekarun 1970 da 1980 zai tuna irin waɗannan akwatuna. Sukan tsaya a falo, ɗaya dama ɗaya hagu, da ɗan ƙyalle mai ado shimfiɗe a kai. Wasu alhazai ne suka zo da su daga Jidda, wasu 'yan kasuwa suka saya a Ikko. A shekarar 1983, lokacin da Nijeriya ta kori baƙi, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka dawo gida, da yawa cikinsu kayan sauti ne jarin da suka ɗauko a ka. Daga baya kuma sai kwantenoni suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, cike da kayan da aka yi amfani da su a Jamus da Holan da Ingila. Ta waɗannan hanyoyi ne sunaye irin su Pioneer da Sansui da Akai da Kenwood da Technics da Wharfedale suka shiga gidajenmu.

Da muka kutsa cikin layin, hayaniya ce ta fara tarbar mu, kowane shago yana gwada kayansa, ga warin dalma da ake narkarwa. Muka yi tambaya, aka nuna mana wani lungu inda wani dattijo ke zaune a kan benci, gabansa tebur cike da bakunan sifika manya da ƙanana, yaransa biyu suna naɗa waya. Muka gaisa da Hausa.

"Baba, ga marasa lafiya mun kawo daga Kumasi."

"Sannunku da hanya, malamai. Ku ajiye su nan mu gani."

Bai jona su da komai ba tukuna. Ya sa yatsu huɗu ya danna takardar a hankali, yana kasa kunne ko zai ji gogayya. Sannan ya ɗauko batir ɗaya na tocila ya taɓa wayoyin, sai muka ga takardar ta yi tsalle waje. Ya ce mu kwantar da hankali, zuciyar tana da rai, soson da ya kewaye bakin ne kawai ya ruɓe.

A nan ya kamata mu ɗan yi bayani, domin wanda ya san yadda abu ke aiki ba ya saurin jefar da shi. Bakin sifika abubuwa uku ne: maganaɗisu mai nauyi a baya, da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe da ke zaune a cikin ramin maganaɗisun, da takarda mai tauri mai siffar mazurari wadda aka manne da naɗin. Idan amfilifaya ta turo lantarki cikin naɗin, sai ya yi gaba ya yi baya, takardar ta bi shi tana tura iska, iskar nan ce kunne ke ji. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa akasarin sifikokin duniya ke tafiya. Ke nan abin da ke cikin akwatin mahaifinka bai tsufa a dabara ba.

To me ya sa aka yi su manya haka? Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, sai an motsa iska mai yawa kafin ya fito, shi ya sa ake yin babban baki mai faɗin inci 12 ko 15. Kuma idan takardar ta tura iska ta gaba, tana janye ta ta baya, idan biyun suka haɗu sai su kashe juna. Aikin akwatin shi ne ya raba su, kuma babban akwati yana ba da sauti mai kauri ba tare da amfilifaya ta wahala ba. Sama da babban bakin akwai matsakaici mai ɗaukar muryar mutum, da ƙarami mai fitar da siririn sauti. A ciki kuma akwai wani ɗan allo mai raba aiki, yana aika wa kowane baki irin sautin da ya dace da shi.

Masu ƙera su ma ba aikin kwana biyu suka yi ba. Gilbert Briggs ya fara Wharfedale a yankin Yorkshire na Ingila a 1932. Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, kuma babbar sifikarsa da ake jinginawa a kusurwar ɗaki, Klipschorn, har yanzu ana ƙera ta. A Japan, Sansui ta yi suna da fuskar katako mai saƙa da take yi wa akwatunanta. Kaya ne da aka haɗa da kusoshi masu warwaruwa, domin a buɗe a gyara.

Dattijon ya lissafa mana cututtukansu a ƙasa irin tamu. Na farko, soson da ke kewaye da baki yakan ruɓe bayan shekaru, danshin bakin teku kuma yana gaggauta hakan, amma waɗanda aka yi da ƙyalle sukan fi daɗewa. Na biyu, kafasitocin da ke kan allon raba sauti sukan bushe, sai murya ta dushe. Na uku, akwatin da aka yi da matsattsen garin katako yakan kumbura idan ruwan wanke ɗaki ya taɓa gindinsa, ga kuma gara. Na huɗu shi ne ganganci: a ƙure ƙaramar amfilifaya har sauti ya fara tsagewa, sai ƙaramin bakin ya ƙone. Dukkan waɗannan suna da magani a hannun mai gyara ko kafinta. Ya kuma ja kunnenmu game da amfilifaya da aka kawo daga waje. Wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, saboda haka a duba bayanta kafin a jona, idan ba ta dace ba a nemi taransifoma.

Muna zaune ya kankare tsohon soson, ya shafa gam, ya ɗora sabo, yana daidaita naɗin a tsakiya don kada ya gogi maganaɗisu. Ya ce sai gam ya kwana, mu dawo gobe.

Da yake muna da sauran yini, sai muka ce bari mu ga inda kayan nan ke ƙarewa idan ba su sami mai gyara ba. Tafiya kaɗan ce yamma da Makola zuwa Agbogbloshie, a bakin rafin Odaw da ke zuba cikin tafkin Korle. Shekaru da yawa a nan ne babbar matattarar tarkacen ƙarfe da matattun kayan lantarki take, inda samari, akasarinsu 'yan arewacin Gana, ke fasa na'urori da guduma suna ƙona wayoyi don su fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi mai guba. Majalisa ta yi dokar kula da irin wannan shara a 2016, hukuma kuma ta rushe matattarar a watan Yuli na 2021, sai sana'ar ta watsu zuwa wasu wurare. Ba mu ga laifin mai neman abinci ba. Amma idan sifika ta faɗa hannunsa, kilo ne ke yanke mata hukunci: a ɓalle maganaɗisu da ƙarfe, a yar da takarda, akwatin ya zama itacen girki. Abin da ya yi shekara 50 yana aiki sai ya ƙare cikin 'yan mintoci, alhali soso da gam kawai yake nema.

Kashegari muka karɓi kayanmu muka koma Kumasi. Muka mayar da bakunan, muka kula jar waya ta tafi wurin ja, baƙa wurin baƙi a duka biyun, domin idan aka juya ɗaya kaurin sauti yakan ɓace. Muka ɗora akwatunan a kan katako, muka ɗan janye su daga bango, muka raba su kimanin mita biyu, muka ajiye kujera a tsakiya, nisanta da kowanne daidai da nisan da ke tsakaninsu. Wannan shi ne sirrin sitiriyo, wanda Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931: akwati biyu ne, amma sai ka ji mawaƙi a tsakiya, makaɗa a gefe da gefe. Muka sa karatun Shehu Abdulbasit Abdussamad, wanda ya rasu a 1988, har jan numfashinsa muna ji. Sannan Mamman Shata da kalangansa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da E.T. Mensah da ƙahonsa. Ba mu ƙure murya ba, amma ɗakin ya cika. Yara suka ajiye wayoyinsu suka zauna a tabarma, wata tsohuwa ta leƙo daga tsakar gida tana ba su labarin wanda ake yi wa waƙar.

Wannan zama shi ne abin da muke tsoron rasawa. Yau kowa ya toshe kunnensa da abin jin sautin waya, uba bai san abin da ɗansa ke ji ba, ɗa bai taɓa jin abin da kakansa ya so ba. Doguwar sifika kuwa ba ta shiga aljihu, dole a zo inda take a zauna tare. Ba a kuma ce sai faifai ko kaset ba, da 'yar waya guda ana iya jona wayar salula da tsohuwar amfilifaya. Sharaɗi ɗaya ne, a kiyaye haƙƙin maƙwabci, a rage murya da dare da lokacin salla.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ke da irin wannan gado a gida kada ya yi gaggawar miƙa shi ga mai kilo. Ya ɗaga shi daga ƙasa mai danshi, ya nemi mai gyara a garinsu, ko Kumasi ko Tamale ko Ankara. Iyaye kuma su tura yara koyon wannan sana'a tun masu ita suna raye, mu ma malamai mu kai irin wannan baki aji idan za mu koyar da maganaɗisu da sauti, gani ya kori ji. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana, ya ba mu ikon riƙewa, amin.