Wayar Da Na Haɗa A Shagon Kawu

A hutun da ya wuce, mahaifina ya ce in riƙa taimakon Kawu a shagonsa na kwamfuta da ke kusa da Ƙofar Mata. Kwamfutocin shagon guda 8 ne, an haɗa su da rauta ta wani akwati mai bakuna da yawa da ake kira suwic.

Ran nan ina shara sai na ga wata waya, kai ɗaya cikin suwic, ɗayan yashe a ƙasa. Na ce bari in gyara, na cusa shi a wani bakin suwic ɗin. Kafin in ajiye tsintsiya fitilu suka shiga ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, intanet ta tsaya cak. Ga wani dattijo daga Yakasai ya zo biyan kuɗin jarrabawar ɗansa, ranar kuwa ake rufewa. Kawu ya rufe yaron shagonsa da faɗa, ya ce zai yanke asarar daga albashinsa. Ni kuwa na yi gum.

Da mai gyara ya zo, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya zare tawa. Nan take komai ya dawo. Ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Na dubi yaron nan, idonsa ya cika da hawaye. Na ce, "Kawu, ni ne. Ku gafarce ni." Kawu ya yi shiru, sa'an nan ya ba yaron haƙuri a gaban jama'a.

Mai gyara ya ce zobe na ƙulla. Saƙon da suwic ya aika ta kowane baki sai ya dawo masa, ya sake aika shi, har hanya ta cushe, kamar baƙon da ya ɓata a lungunan birni yana ta komawa inda ya fito. Ya buɗe shafin saiti na rautar da na suwic, ya kunna wani tsari mai suna STP. Da shi na'urorin ke zaɓen shugaba a tsakaninsu, suna aika wa juna saƙo kowace daƙiƙa 2. In suka gano zobe, sai su toshe baki ɗaya, su ajiye shi don ranar da wata waya ta tsinke. Wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ita ta ƙirƙiro dabarar a 1985.

Ya sa na mayar da wayar da hannuna. Gabana ya faɗi, amma intanet ko gezau ba ta yi ba. Dattijon nan kuwa ya karɓi rasidinsa kafin Magariba.

'Yan'uwana ɗalibai, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, matambayi kuma ba ya ɓata. In kun yi ɓarna, ku faɗa da bakinku kafin laifin ya hau kan wani. Allah ya sa mu dace, amin.