Mai Ɗaukar Hoto da Ladan Talla

Ni mutumin Birnin Kudu ne, sana'ata shirya fim. Ba ni da ubangida, ba ni da kamfani, daga ni sai na'urata da yara uku masu taimakona. Dattawanmu sun ba mu labarin majigi, yadda motar gwamnati takan zo da dare ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, ta nuna wa jama'a tsabta da noman zamani. A shekarar 1990 aka fito da Turmin Danya a Kano, daga nan finafinan Hausa suka cika gari, mu ma muka bi sahu.

To, amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Masu satar fasaha suka dinga buga faifanmu ba izini, sa'an nan wayar hannu ta zo, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa. Na wayi gari da bashin fim biyu a wuyana, ga iyali, ga yaran da ban biya ba.

Ana nan, sai wani attajiri ya aiko a kira ni. Ya ce yana son tallar minti ɗaya ta wani magani nasa, ya faɗi kuɗin da ya fi abin da na samu a finafinan nan biyu. Sharaɗinsa shi ne in sa wa ɗan wasa farar rigar likita, ya rantse cewa maganin yana warkar da cuta goma sha biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ina lambar hukumar NAFDAC?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, hoto na ce ka ɗauka, ba tambaya ba."

Daren nan ban runtsa ba. Da asuba na hau mota zuwa Gwaram wajen kawuna, wanda ya tsufa a dillancin shanu. Na kwashe labari duka na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, talla ba abin kunya ba ce, ai ni ma da ita na ci na sha. Amma ka sani dillali ba shi da sa, ba shi da saniya, jarinsa bakinsa. Ran da ya yabi gurgun sa, ran nan kasuwarsa ta tashi. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

A hanyar komowa na yi ta juya maganar. Na ga lalle tawa ta fi ta kawu nauyi. Dillali mutum guda yake ruɗa, kuma mai saye yana iya duba haƙoran dabba. Ni kuwa dubban mutane za su ga farar rigar nan, su ce gani ya kori ji. Wata uwa za ta fasa kai ɗanta asibiti saboda hoton da na ɗauka. Na koma na ba Alhaji haƙuri.

Ban bar talla ba. Na dai kafa wa kaina doka uku. Ta fari, ba na tallar abin da ban gwada a gidana ba. Ta biyu, in abin ci ne ko na sha ko magani, sai na ga rajistarsa, gama tun 1993 aka kafa NAFDAC don wannan aiki, tallar magani ma sai da izininta. Ta uku, ba na sa wa kowa rigar da ba tasa ba. Aikina na fari bayan haka na wani mai casar shinkafa ne. Kuɗin kaɗan ne, amma da shi na fara rage bashi, ina kuma tara na fim na gaba.

Ya kai mai karatu, tun da Allah ya sa ka fita daga duhun jahilci, kada talla ta yi maka karatu. Ɗauki kwalbar ka duba lambarta da ranar lalacewarta da idonka.

A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na garinmu akwai zanen shanu marasa tozo, waɗanda mutanen da suka yi. Ba wanda ya san sunan masu zanen, amma ga aikinsu nan har yau. Hoto yakan daɗe bayan mai shi. Allah ya sa abin da za mu bari ya zama shaidar alheri, amin.