Madubin da Ke Rawa

Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Ni dai ban ga abin da direbobinmu suka raina ba kamar madubin nan na cikin mota.

Kawuna yana da tsohuwar Peugeot 504 da yake jigilar mutanenmu na Zurgu zuwa kasuwannin Rano da Kibiya. Da an hau gargada sai madubin ya kama kakkarwa, har direba ya kasa bambance babur da tirela a bayansa, alhali kuwa ga rayuka cike da mota.

A hutun da ya wuce muka kwance shi. Ashe ƙwallon da madubin ke juyawa a kansa ne ya cinye, sukurun gindinsa kuma ya saki. Muka yanko 'yar robar tib, muka cusa a gaɓar, muka ɗaure sukurun, sannan muka cire tarkacen da aka rataya masa, domin nauyinsu na ƙara jijjiga shi. In an yi haka bai daina ba, to, a duba tayoyi da robobin da inji ke zaune a kansu.

Matsalar tsohuwa ce. A 1911 Ray Harroun ya ɗaura madubi a motarsa a tseren Indianapolis a Amurka, amma hanyar bulo ta yi ta girgiza shi har ya kasa ganin komai.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in kun shiga motar haya kuka ga madubi na rawa, ku yi wa direba magana. Gyaran bai kai rabin sa'a ba.