Kokowa: Su Jami'a Ta Riƙe Musu, Mu Wa Zai Riƙe Mana?

Wannan wata muna so mu taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu mazauna Hajara da sauran unguwannin Sabha, wato maganar kokowa da yadda tarihinta yake neman kuɓuce wa 'ya'yanmu. Wani zai ce ina ruwan mai neman abin sa wa a baka da zancen wasa? To, a yi haƙuri a bi mu sannu.

A ƙasar Amurka jami'o'i ne suka ɗauki kokowa suka raine ta. Tun 1928 suke gasar ƙasa tsakaninsu, kuma Jami'ar Jihar Oklahoma kaɗai ta ɗauki kofin har sau 34 daga 1928 zuwa 2006. Mutumin da ya kafa mata harsashi, Edward Gallagher, injiniya ne, ya zauna ya yi nazarin kamu da kaye kamar yadda ake nazarin inji, ya koya wa ɗalibai har rasuwarsa a 1940. Haka Dan Gable, wanda ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Munich a 1972 ba tare da an ci shi ko maki ɗaya ba, ya koma Jami'ar Iowa yana horarwa, ta ci kofi sau 15 a hannunsa. Kai, har Daniel Igali, ɗan Bayelsa a Nijeriya, sai da ya bi ta Jami'ar Simon Fraser sannan ya ciyo wa Kanada zinariya a Sidni a 2000. Abin lura a nan shi ne, idan ɗan wasa ya tsufa, makaranta tana nan, sunansa yana rubuce, dabararsa kuma ta wuce ga na baya.

Mu kuwa tamu jami'ar ita ce dandalin ƙauye bayan kaka. Idan an kai gero rumbu, sai samari su ɗaura walki, makaɗa su ɗauki ganga, wannan gari ya tafi wancan. Daga nan ne gwamnatin marigayi Seyni Kunce ta ɗauko ta, ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Bayansa aka ga su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram. Jihohi 8 ne suke karawa, kowace da 'yan kokowa 10, ana zagayawa da gasar daga wannan jiha zuwa waccan. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a Disamban 2023, sannan Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a Doso a 2024. Filayen kokowa na Maraɗi da Doso da Damagaram suna ɗauke da sunayen Kantu da Salma da Langa-Langa, kuma wannan karramawa ce babba. Amma fa suna a bango daban, sanin yadda mai sunan yake kama ƙafa daban.

To ga inda gizo yake saƙar. Yawancinmu a nan magina ne da teloli da masu aikin gona da 'yan tireda, kuma a cikinmu akwai dattawan da suka yi tashe a ƙauyukansu kafin su hau mota su ƙetaro sahara ta Agadas da Dirku. Za ka ga tsoho yana gadin shago, ba ka san ya taɓa hana gari barci da kirari ba. Mun binne irinsu a wannan ƙasa, kowanne ya tafi da abin da ke kansa. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa, Larabci ya fi zama a bakinsu, sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai, amma idan muka ce Kantu sai su tambaye mu ko sunan gari ne.

Ba mu ce sai mun gina jami'a ba, domin da hanau gara mannau. Jami'ar Sabha tana tsaye da ƙafarta tun 1983, kuma duk ɗanmu da Allah ya ba shi zama a cikinta ko a wata makaranta, yana da alƙalami, yana da wayar ɗaukar murya. Ya je ya durƙusa gaban waɗannan dattawa ya ce, "Baba, a ba mu labari." Ya rubuta wa ya kayar, a wane gari, da wace dabara, wane makaɗi ya wasa shi. Mu iyaye kuma mu samu fili mai yashi, abin da ba a rasa ba a Fezzan, ranar Juma'a bayan la'asar, tsofaffi su nuna wa yara kamu, cikin ladabi da sanin masu unguwa.

Duk wanda yake da irin wannan dattijo a gidansa ko wurin aikinsa, ya sanar da mu ta wannan shafi tun yana da sauran ƙarfin magana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.