Idan an buge maka mota: tsakanin haƙuri da neman hakki



Ɗan'uwa mai karatu, da zarar motoci biyu sun yi karo, ko kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Ƙwanni da Maraɗi zuwa Damagaram, ko cikin gari, za ka ji kalma guda: ƙaddara ce, a bar wa Allah. Gaskiya ce, amma sau da yawa ana faɗinta ne don a rufe bakin wanda aka yi wa ɓarna. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa kowa nauyin dukiyar da ya lalata ba.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa ganganci da kuskure ɗaya suke a cikin dukiyar mutane. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma biya yana nan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai korarta da mai janta da mahayinta. To ina ga wanda ya riƙe sitiyari? Majalisar fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 1993 a Burunai, ta tabbatar da cewa direba ne ke ɗaukar ɓarnar da ya haddasa, sai fa in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba zai iya kauce masa ba, ko wanda aka buge shi ne sanadi, ko laifin na wani ne dabam. Cikin gida mafi daraja ma, ranar da ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta fasa akushin abokiyar zamanta, lafiyayyen akushi ya mayar a madadinsa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wani maƙwabcina mai taksi. Babbar mota ta murƙushe masa gefe, kafin ƴan sanda su iso dattawa sun kewaye shi da ban haƙuri, har kunya ta sa ya ce ya yafe. Motar ta shafe makonni a garaji, ya ci bashin gyara, iyalinsa suka koma cin abinci sau ɗaya a wuni. Masu ban haƙurin kuwa babu wanda ya kawo ko dala. Yafewa alheri ce babba idan ta fito daga zuciya, amma wadda aka tatsa da kunya ba ta halatta wa mai ɓarna dukiyar wani. Akwai ma wanda ba shi da ikon yafewa sam: direban da aka ɗauka aiki ba zai yafe motar maigidansa ba, haka waliyyin marayu ba zai yi kyauta da dukiyarsu don a ce masa dattijo ba.

Saboda haka, in abin ya same ka, fara da rai: a kai wanda ya ji rauni likita. Sannan kada ka janye motar kafin a yi konsta, ƴan sanda a cikin gari, jandarma a bayan gari. Ɗauki hotuna da wayarka, rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin asiransinta, ka riƙe shaidu. Nijar tana cikin ƙasashen da ke aiki da dokar CIMA, wadda ta wajabta wa kowace mota asiransin biyan ɓarnar da ta yi wa wasu. Sanar da naka kamfanin cikin kwana 5 na aiki, kuma kada makanike ya taɓa motar sai masanin ƙiyasta ɓarna ya duba ta. Na san malamai suna da magana a kan asiransin kasuwanci, sai dai da yawansu sun halatta wa wanda aka yi wa ɓarna ya karɓi hakkinsa daga duk wanda ya tsaya biya a madadin mai laifi.

Nawa ne hakkin naka? A mazhabar Malikiyya, idan ɓarnar ƙarama ce, kana da abin da ya ragu daga darajar kayanka. Idan ta kashe amfanin abin ɗungurungum, zaɓi naka ne: ka karɓi cikakkiyar ƙimarsa ka bar wa mai ɓarna gawar, ko ka riƙe shi a biya ka ragin. Haka hukuncin yake ga katangar da mota ta rushe, da buhunan albasa da suka watse, da amalanken da ya karye.

A nan ne kuma jarrabawarka take. Gyaran jaka 200 ya zama jaka 350 a takarda saboda ka haɗa baki da mai garaji, ko a cusa tsohuwar lotsawar bara a cikin sabuwa, da hujjar cewa ai kamfani ne zai biya. Wannan ƙarin haram ne, ko daga aljihun talaka ya fito ko daga asusun kamfani.

In kuwa kun zaɓi sulhu, a rubuta adadin kuɗin da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu. Idan mai biyan yana cikin ƙunci, raba masa wata-wata, ko ka sauke masa wani abu da yardar ranka, bayan an faɗi hakkinka a fili kowa ya ji.