Littafin da na ara da katin ƙanena

Yau laifin kaina zan kawo gabanku.

Ni karatuna a lisse ya tsaya. Da na samu bak sai aikin jarida ya ɗauke ni, ƙanena kuwa ya wuce jami'a, sashen adabi, yana karatun tarihi. Ɗakin littattafan sashensu yana da dokoki manne a bakin ƙofa. Ɗalibi mai kati littafi 2 ake ba shi, na kwana 14. Ƙamus da mujallu da memwar ɗin ɗaliban baya ba su fita ko nan da can. Wanda ya yi jinkiri a hana shi aro gwargwadon kwanakin da ya ƙara. Irina kuma, da ba ɗalibi ba, ba malami ba, sai ya ajiye katin ɗan ƙasa, ya karanta nan zaune, in an tashi ya tashi. Malamai dai an sakar musu mara: akwai wanda littafi ke shekara a gidansa ba mai ce masa uffan. Hujjar da na riƙe ke nan, na ce dokar da ba ta hawa kan manya ba ta isa ta ɗaure ni ba.

Wata shekara aka ba ni aikin rubutu a kan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Zinder da ganuwa. Ina bukatar littafin André Salifou a kan Damagaram ta ƙarni na 19, wanda aka buga a Yamai a 1971. Na nema a kantuna ban samu ba, ɗakin littattafan nan kuwa guda ɗaya tak gare su. Na ce wa ƙanena ya aro mini da katinsa. Ya ce: "Yaya, an hana a karɓar wa wani." Na ce kwana 10 ne kawai. Ƙane ba ya musu da wa, ya je ya sa hannu.

Na tafi da littafin Zinder. Alhajin da ya sauke ni, babban ɗan kasuwa, ya gan shi, ya roƙi in bar masa kwana biyu ɗansa ya fassara masa, ko ya ji labarin fataucin kakanninsa. Wa zai ci tuwon mutum ya hana masa takarda? Na baro shi bisa alkawarin za a ba direba ya kawo. Wata ɗaya, wata biyu, shiru, ni ma na shiga wasu sabgogi.

Ashe duk wannan lokaci an hana yaron aro, alhali shekararsa ta ƙarshe ce, yana rubuta memwar. Kullum a ɗakin yake wuni yana kwafa da hannu har a rufe, bai taɓa faɗa mini ba. Sai da ya gama, aka ce ba a ba shi diplom sai ya kawo takardar da suke kira kitus, shaidar cewa ɗakin littattafai ba ya bin sa komai, ga kuma gasar ɗaukar ma'aikata za a rufe karɓar takardunta cikin mako 3. Ranar ya zo gidana ya zauna, ya kasa magana.

Na ɗauki jika 20 na nufi tsohon da ke kula da ɗakin. Ya ce: "Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. Wace kasuwa zan kai su a ba ni wannan littafi?" Ya ciro katin aron littafin, ranaku jere da hatimi, wasu tawadar har ta koɗe. "Tun ba a haife ka ba ake aron sa ana maidowa. Bana ɗalibai 4 sun zo neman sa." Ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan: in aka ɗauki kaya bashi da sunan wani, wanda ya tsaya ake kamawa. Sai dai buhun shinkafa kuɗi na biyan sa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen malamai. Ya buɗe wani tsohon kaye cike da sunaye, ya ce: "Su ma ina bin su. Su dai ba su jiran kitus." Har yau ina ganin wannan rashin adalci ne, amma bai wanke ni ba.

Washegari da asuba na hau mota zuwa Zinder. Littafin ya bar hannun Alhaji, ya bar hannun ɗansa; a gida na 3 na iske shi, wurin wani malamin makarantar firamare, bangonsa da tabon mai. Alhaji ya ji kunya, ya biya aka yi masa fotokopi ya ajiye, ya kuma biya mini kuɗin mota.

Tsohon ya ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya a gabana kafin ya buga hatimi. Ƙanena ya kai takardunsa saura kwana 2 a rufe. Abin da ya rage mini na Tanimun a teburin kusa da taga na ƙarasa karanta shi, katina na ɗan ƙasa yana cikin akwatin tsohon.