Tauraro ɗaya ba ya riƙe ƙungiya

'Yan uwa, mu da muke buga gasar besbol ta kwamfuta, Out of the Park Baseball, gardamarmu ta kullum ɗaya ce: ƙungiyar wa ta fi tara matasa masu tasowa?

Wasan yana bin tsarin Amurka. Kowace babbar ƙungiya tana rainon yara a ƙananan ƙungiyoyinta, daga Single-A zuwa Triple-A. Ana ba yaro maki daga 20 zuwa 80, mai 50 shi ne matsakaici a babbar gasa.

Mu ba ma jera ƙungiyoyi da tauraronsu na farko. Mukan ƙirga yara nawa ne za su iya kaiwa 50, musamman masu jifa. Dalili kuwa, gwiwar hannun mai jifa takan samu rauni, tiyatar Tommy John kuma takan zaunar da shi sama da shekara. Wanda ya dogara da yaro ɗaya, ranar nan ya tashi a tutar babu.

Sai dai tarawa ma tana da iyaka. Jerin kariya mutum 40 kawai yake ɗauka, yaron da ya daɗe bai shiga ba kuwa wata ƙungiya na iya ɗauke shi a zaɓen Rule 5. Mai rarar yara, gara ya yi musanya tun kafin Disamba.